Babur Ya Ƙi Tashi: Wuta Ce Ko Mai?

Yau ba a kicin za mu tsaya ba, zaure za mu leƙa, inda tsohon babur ɗin gida yake jingine. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da babur. To, in mai gida ya wayi gari yana ta buga kik har gumi ya jiƙa masa riga, 'ya'yan wa suke makara a makaranta? In an tura shi wurin makaniki aka ce a kawo kuɗin sabon kafireto, ai daga kuɗin cefane ake yankowa. Balle kuma ƙauyen da ke nesa da asibiti, inda in naƙuda ta taso da tsakar dare babur ɗin nan shi ne motar. Ga kuma 'yan'uwanmu malaman makaranta da ma'aikatan jinya masu hawan nasu da kansu, waɗanda in ya mace musu a hanya ba mai gidan da za a kira.

Akwai wata tsohuwar Honda 70 a gidanmu, tun ta lokacin kuɗin Udoji na 1975, sa'ad da ma'aikata suka karɓi ariyas suka yi ta sayen babura da rediyo. Wata shekara sai ta ɗauki wani hali. Da safe bugu ɗaya ta tashi, a yi tafiyar kamar minti 15 lafiya lau, sai ta fara shaƙewa ta mutu. A tura ta inuwa a zauna, in ta huce ta tashi kamar ba ita ba. Sau uku ana wanke mata kafireto, na huɗu aka ce ya mutu, aka sayo sabo aka ɗaura. Kashegari ta mace a daidai inda ta saba. Zan gaya muku abin da ke damunta in mun zo wurin, amma tun yanzu ku sani kafireton nan zaluntarsa aka yi.

Irin waɗannan babura ba don masana aka yi su ba. Sa'ad da Soichiro Honda da abokin aikinsa Takeo Fujisawa suka fito da Super Cub a Japan a 1958, nufinsu babur ne wanda mai kai taliya gida-gida zai iya tuƙawa da hannu ɗaya, wanda kuma mace za ta hau ba sai ta ɗaga ƙafa ta tsallake tanki ba. A 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Ita kuwa CG125 ta 1975, kamfanin ya yi ta ne bayan da injiniyoyinsa suka zaga suka ga yadda ake wahalar da babura a ƙasashe masu tasowa, ba canjin baƙin mai a kan kari, ba kula da matatar iska. Mu ma nan an kafa kamfanin Honda na Nijeriya a 1979, masana'antarsa tana Ota a Jihar Ogun. Yawancin baburan Sin da suka cika kasuwanninmu daga baya tsarin waɗannan biyun suka bi, saboda haka abin da zan faɗa ya shafe su.

Inji ba shi da bambanci da murhu. Murhu yana son itace, da iska, da ashana. Inji yana son fetur gauraye da iska, da matsi, da tartsatsin wuta a daidai lokacinsa. Kafireto shi ke gauraya man da iskar, kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na mai in an auna nauyi. Fulogi shi ne ashanar. In babur ya ƙi tashi ɗayansu ne ya yi ƙaranci, aikinki shi ne ki gano wanne kafin a kwance ko noti ɗaya. Ka'idar kuwa ita ce a fara da wuta, domin duba ta minti biyar ne kuma ba a ɓata kome, shi kuwa kafireto duk buɗewar da aka yi masa akwai abin da zai iya ɓata ko ya karye.

Amma kafin nan a leƙa tanki, a ga ko famfon mai a buɗe yake, a gwada juya shi rizab. Kada ki yi dariya. Magidanta da yawa sun tura babur har bakin kasuwa a kan wannan.

FULOGI BA YA ƘARYA

Ki sa yaro ya buga kik kamar sau goma da cok a rufe, sa'an nan ki zare hular fulogi, ki kwance shi da sifanarsa, ki dubi bakinsa. In kin same shi jiƙe yana warin fetur, to mai yana isowa, sai a zargi wuta. In kuwa busasshe ne ƙayau bayan wannan bugu, mai ne ba ya zuwa. Wannan dubawa kaɗai ta raba miki aikin gida biyu.

Launinsa kuma labari ne. In ya yi ja-ja kamar soyayyiyar gyaɗa, inji lafiyarsa lau. In ya yi baƙi busasshe kamar kunkunniyar ɗakin girki, mai ya yi wa iska yawa. In ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, inji yana zafi fiye da kima, wannan kuwa ya fi baƙin haɗari domin yana iya cin fistin. In baƙi ne mai maiƙo yana naso, baƙin mai ne ke haurowa, watau ringi ya cinye, wannan sai makaniki.

Yanzu sai gwajin wuta. Ki mayar da fulogin cikin hularsa, ki kwantar da shi yadda ƙarfen jikinsa zai taɓa ƙarfen inji, nesa da ramin da kika ciro shi, domin tururin fetur yana fitowa ta nan. A buɗe makulli, a buga kik, ke kuma ki sa ido a bakin fulogin. A inuwa za a yi, rana tana ɓoye tartsatsi. Kada ki riƙe ƙarfen, wutar dubban bolt ce, in ta ja ki sai kin yar da abin da ke hannunki. Shuɗiyar wuta mai ƙara ƙyas-ƙyas ita ake nema. Ja ko rawaya mai rauni, ko wadda take zuwa tana ɗaukewa, ko babu sam, duk matsala ce.

In babu wuta a fara da mai araha, watau a gwada wani fulogin. Ya kamata kowane gida mai babur ya ajiye sabo guda ɗaya mai lamba irin ta na jiki, a ƙananan Honda irin su 50 da 70 lambar NGK ɗinsu C7HSA ce. Tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. In sabon ma bai ba da wuta ba, ki murɗe hular daga jikin wayarta, a yawancinsu murɗawa ake yi kamar sukuru. Sau da yawa za ki tarar bakin wayar ya yi kore ya ruɓe. Ki datse kamar santimita ɗaya ki mayar. Babura da yawa a nan ciwonsu yake ƙarewa.

In bai ƙare ba sai a bi wayoyi. A yawancin baburan Honda da masu kwaikwayonsu koriyar waya ita ce ta ƙasa, wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfe, ja ta batir ce, baƙa mai ratsin fari kuwa ita ke kashe inji. Yadda take aiki shi ne, in an rufe makulli sai ta haɗa wutar da jikin babur ta zube. Saboda haka in ɓera ya ci rigarta, ko ta goge a wuyan babur inda kai yake juyawa, har tagullarta ta taɓa ƙarfe, babur zai mutu alhali makulli yana buɗe. Babur ɗin da ke mutuwa in an karya kwana ko an faɗa rami, a nemi irin wannan waya. Haka kuma a kwance inda koriyar take ɗaure a kankare tsatsa da sanfefa har ƙarfe ya yi haske. Shekara arba'in ta damina da raɓa ba wasa ba ce.

Daga nan babura sun rabu biyu. Tsofaffi na sosai masu batir bolt 6 suna da abin da makanikai ke kira kwantak, wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, a Honda 50 da 70 suna bayan fulawil ana hango su ta tagar jikinsa. Tazararsu in sun buɗe milimita 0.3 zuwa 0.4 ce. In sun yi datti a goge da sanfefa mai laushi, a bi da tsabtatacciyar takarda. Tare da su akwai kwandansa, ɗan ƙaramin abu kamar guntun alli. Daga shekarun 1980 aka koma bolt 12 da wani ɗan baƙin akwati da ake kira CDI, wanda ba a gyara shi sai canji. Shi wannan kada a saya da ka. A ari na maƙwabci mai irin babur ɗin a jona a gani tukuna.

To, a nan Hondarmu ta shigo. Wani dattijon makaniki aka kai wa daga ƙarshe, ina tsaye ya tambaye ni, “Hajiya, in ta mutu nan take take tashi, ko sai ta huce?” Na ce, “Sai ta huce, Baba.” Ya ce a bar masa ita tana aiki a gabansa. Da ta mutu bai ko kalli kafireto ba, ya zare fulogi da tsumma tun yana da zafi ya gwada, babu wuta. Bayan rabin sa'a ya sake gwadawa, ga ta shuɗiya. Kwayil ne, watau naɗin wayar da ke ƙara wa wuta ƙarfi. Siririyar wayar cikinsa ta tsufa, in ta ɗau zafi sai ta saki, in ta huce ta koma ta haɗu. Kwandansa ma yana yin haka. Waɗanda suka gabace shi duk da safe suke duba ta tana sanyi, dole su ga wuta su ce mai ne.

Sai dai a lura, akwai wani ciwon mai kama da wannan wanda na mai ne. Murfin tanki yana da ɗan ramin shan iska. In ya toshe, mai yana sauka iska ba ta maye gurbinsa, bayan 'yar tafiya sai man ya tsaya, kamar gwangwanin madarar da aka huda wuri ɗaya. In babur ya mutu a hanya ki buɗe murfin nan take. In kin ji ya ja iska fuu, kuma ya tashi bayan ɗan bugu, to ramin nan za a buɗe, ba a sayen kome.

Batun batir ba shi da tsawo. Yawancin ƙananan baburan kik suna tashi ko babu shi, domin maganeto ke ba fulogi wuta, amma tsohuwar Honda 90 mai bolt 6 ba ta yi sai da batir mai rai. Cikakken batir mai bolt 6 yana nuna kimanin 6.3 a mita, mai 12 kuma 12.6, in inji yana gudu ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba caji ne ba ya shiga. Mai ruwa a ƙara masa ruwan batir kaɗai, ban da na rijiya, a kuma kiyaye zane da ido domin asid ne a ciki. In za a cire shi a fara kwance wayar ƙasa. In ƙwan fitila yana yawan ƙonewa a tsohon babur, a duba batir da ƙwan baya, domin in ɗaya ya mutu wutar tana taruwa a kan sauran. Fis kuwa in ya ƙone akwai dalili. Masu naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba suna neman gobara ne a ƙarƙashin mazauninsu.

IN WUTA TANA NAN

Wuta shuɗiya, fulogi busasshe, sai a bi mai daga sama zuwa ƙasa. Amma da fari a fitar da babur fili, nesa da murhu da risho da fitilar ƙwai, a kori yara, kuma kada a bar kowa ya zuƙi tiyo da baki.

A ƙasan kafireto akwai ɗan kofi inda mai yake taruwa, da sukuru na zubar da shi. Ki tara farin kofin gilashi, ki sassauta sukurun da famfon mai a buɗe. In mai ya zubo ya ci gaba da zuba, hanya a buɗe take. In ya ɗigo ya tsaya, to tsatsar tanki ta toshe famfo ko matatarsa. Sa'an nan ki ɗaga kofin ki duba. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ki gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwallo. Cokali ɗaya na ruwa ya isa ya hana babur tafiya, kuma da damina ko bayan an sha man galan na bakin titi ba abin mamaki ba ne. Ko man gidan mai ma ba kullum ba, ai kun tuna a Fabrairun 2022 hukuma da kanta ta ba da sanarwar an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, aka janye shi, aka yi ta layi.

In sai an buɗe, ki shimfiɗa farin faranti, ki ɗauki hoto da wayarki a kowane mataki. Wadda ta iya kwance kan keken ɗinki ta mayar, wannan ba zai gagare ta ba. Sukurori biyu ne ko huɗu suke riƙe da kofin. A ciki za ki ga fulot, abin da ke iyo a kan mai, da 'yar allurarsa mai toshe hanya in kofi ya cika, daidai da tankin ruwan bayan gida na zamani. In kafireto yana zubar da mai babur yana tsaye, allurar nan ce datti ya tokare, ko bakinta ya cinye, ko fulot ya huje ya nutse. Ki girgiza shi kusa da kunne, in kin ji ruwa a ciki ya gama aiki. Da can ana ganin ɗigon nan a kau da kai, amma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa, ɗigon dare ɗaya kuɗin koko ne.

Sai jet guda biyu na farin tagulla, kowanne da ɗan rami. Ƙaramin shi ke ciyar da inji in yana silo, watau yana aiki a tsaye ba a murɗa totur ba. Babban kuma na gudu ne. Ramin ƙaramin siriri ne ƙwarai, shi ya sa shi ke fara toshewa, musamman in an ajiye babur wata da watanni fetur ya bushe ya bar ƙaro. Alamarsa babur ya tashi da cok, ana buɗe cok ya mutu. In kuwa yana silo lafiya amma ana murɗa totur ya shaƙe, a dubi babban. Ki ciro su ki ɗaga wa haske, dole ki hango rami zagayayye. A wanke da maganin fesawa na wanke kafireto ko tsabtataccen fetur, a hura da famfon keke. Na roƙe ki, allurarki ta ɗinki ce. Ƙarfenta ya fi tagulla tauri, tana shiga ramin ya ƙaru, daga nan babur ya koma mashayi har abada. In dole sai an zura wani abu, a zaro silin tagulla ɗaya daga tsohuwar wayar lantarki.

A gefen kafireto akwai sukurori biyu da maza ke son murɗawa in sun rasa abin yi. Ɗaya na ɗaga silo ne, ɗaya na gauraya mai da iska. Kafin a taɓa na biyun a murɗa shi ciki a hankali ana ƙirgawa har ya zauna, ban da matsewa, a rubuta adadin. A yawancin ƙananan babura wajen juyi ɗaya da rabi ne. Babur ɗin da jiya yake lafiya ba sukurun nan ne ya juya kansa da dare ba.

Abu biyu suka rage waɗanda ake ɗora wa kafireto laifinsu. Na ɗaya matatar iska. Da hunturu ƙura tana toshe ta cikin 'yan makonni, inji ya rasa iska, fulogi ya yi baƙi, salansa ta yi hayaƙi, mai ya riƙa ƙarewa da wuri. In ta soso ce a wanke da kananzir, a matse ban da murɗewa, ta bushe, a shafa mata baƙin mai kaɗan. In ta takarda ce a kaɗe ko a canja, ita ba a sa mata mai. Masu cire ta gaba ɗaya don babur ya ƙara gudu, ƙurar da suke ba inji ita ce ke cinye ringi. Na biyu wuyan da ya haɗa kafireto da inji. In robarsa ta tsage ko gasket ya saki, iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya, sai ki ji inji yana ta ihu bayan an saki totur, ya daɗe bai sauko ba, fulogi kuma fari.

In fulogi ya jiƙe sharkaf kuma wuta tana nan, ƙila mai ne ya yi ambaliya saboda yawan cok. A rufe famfo, a buɗe cok, a goge fulogi, a murɗe totur har ƙarshe a buga sau da yawa, zai tashi da hayaƙi. In kuwa ga wuta ga mai amma kik yana tafiya sakwaf ba nauyi a ƙafa, matsi ne ya tafi. Wani lokaci bawul ne kawai ya matse, a ƙananan Honda tazararsa milimita 0.05 ce inji yana sanyi, gyaran mintoci ne ga wanda ya iya. Wani lokaci kuwa aiki ne babba. A nan hannun gida ya tsaya.

Duk abin da za a yi, a canja abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, in ba haka ba ko ya tashi ba a san abin da ya warkar da shi ba. Kuma kada a bar inji yana aiki a rufaffen zaure, hayaƙinsa yana kisa ba tare da wari mai faɗakarwa ba. Fetur ɗin da aka zubo kada a ɗura shi a kwalbar lemo a ajiye inda yaro zai kai hannu. Mai injin markaɗe ko ɗan janareto, ki sani fulogi da kofi da jet ɗin nan su ne a naki, binciken ma iri ɗaya ne.

In an kai ga makaniki, a je masa da bayani. A ce, “Malam, yana tashi da safe, yana mutuwa in ya yi zafi, mun gwada wuta a lokacin babu,” ko “Ba ya zama sai da cok, mun zubar da kofi mun ga ruwa.” A kuma ce a dawo da duk abin da aka cire. Mu dai tsohon kafiretonmu na asali, ƙirar Keihin, da ƙyar aka samo shi a cikin tarkacen shagon da aka canja shi. Dattijon nan ya wanke shi ya mayar, ya ce sabon a ajiye ko janareto zai so wani abu a jikinsa.